Darasi na 9: Yadda ake tattalin takalman garmar ƙanƙara

A birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai kimanin mita 2. Kafin mutane su fita aiki sai an share hanya. Ana ɗaura wa babbar mota ko a-kori-kura wani faffaɗan ƙarfe a gaba, ta riƙa ture ƙanƙara gefe. Shi muke kira garmar ƙanƙara.

A bayan bakin garmar akwai ƙarafa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, masu kama da ƙaramin faifai a kan sanda. Su ne takalma. Aikinsu su ɗaga bakin garma kaɗan, don kada ya kafe a ƙasa ko ya kwashe tsakuwar hanya. Duk wanda ya taɓa huɗa a jigawa ya san yadda yashi ke cin bakin garma. To haka kwalta da yashi ke cin waɗannan takalma.

Babban abin da ke kashe su shi ne rashin saiti. Ka ajiye motar a wuri mai lebur. Sa ɗan katako mai kaurin rabin inci ƙarƙashin bakin garma, sannan ka sauke takalman har su taɓa ƙasa. Da zobban ƙarfe da ake jerawa a jikin sandar ake daidaita tsayi, sai a sa fil a kulle. Ka ƙirga zobban, na dama su zo daidai da na hagu. Idan ɗaya ya fi sauka, shi kaɗai zai ɗauki nauyi, ya cinye tun ɗan'uwansa na sabo.

Wannan saitin na hanyar tsakuwa ne. Idan za ka hau kwalta ko siminti, ɗaga takalman sama ko ka cire su, bakin garma ya yi aikinsa. Direbobi da yawa kan yi ƙyuyar saukowa cikin sanyi su yi wannan, kuma a ganina nan ne asarar ta fi yawa. A farkon hunturu kuma, yana da kyau a bar ƙanƙara 'yar kaɗan ta danne ta daskare a kan tsakuwa, takalman su samu santsin da za su bi.

Kada ka yi gudu. Kada kuma ka danne garmar da ƙarfin inji, bar ta ta bi ƙasa da nauyinta.

Idan takalmi ya fara sirancewa, kai shi wurin mai walda tun bai huje ba. Akwai sandar walda ta musamman mai sinadarin kuromiyam, wadda ke barin fata mai tauri a kan ƙarfe. Shimfiɗa ɗaya ko biyu ta isa, idan aka tula da yawa takan tsattsage ta ɓare. Wasu kuma sukan liƙa guntun ƙarfe mai tauri da jure gogayya, mai suna AR400, a ƙasan takalmin. Sai dai a duba tukuna: takalmin da aka yi da ƙarfen zubi ba ya karɓar walda da sauƙi.

A can Kanada ana watsa gishiri a hanya don ya narkar da ƙanƙara, shi kuwa gishiri tsatsa yake jawowa. Bayan aiki ka wanke takalman da ruwa, ka shafa wa sandar giris, don ranar da za ka sake saiti kada ka tarar ta cije.