Yadda Ake Gano Dalilin Zafin Inji Idan Akori-Kura Tana Jan Kaya

Akori-kurar da take zirga-zirga cikin garin Katsina shekara da shekaru ba tare da allurar zafinta ta wuce tsakiya ba tana iya tafasa a ranar da aka ɗaura mata tirela cike da buhunan gero, ko aka sa ta jawo wata motar da ta mutu a hanyar Daura. Mai motar yakan rantse cewa jiya lafiya lau take, kuma gaskiya ya faɗa, domin galibi cutar ta daɗe a kwance, nauyin ne kawai ya tone ta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji yake ƙonawa yana zama zafin da ruwan lagireto zai kwashe ya fitar. Idan aka ƙara nauyi an ƙara cin mai, an kuma ƙara zafin, saboda haka lagireton da rabinsa ya toshe yana iya riƙe motar da ba ta da kaya, amma ba zai riƙe ta tana jan tan biyu a watan Afrilu ba, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a wannan yanki.

Da zarar allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya mota, a sauka gefen titi a tsaya. Idan babu tururi, babu ruwan da ke zuba a ƙasa, kuma fanbel bai tsinke ba, gara a bar injin yana aiki a silo na 'yan mintoci da bonet a buɗe, domin famfon ruwa da fanka su ci gaba da aikinsu, tun da injin da aka kashe nan take yakan ƙara zafi na ɗan lokaci saboda ruwan ya daina zagayawa. Idan kuwa tururi na fita, ko ruwa na kwarara, ko fanbel ya tsinke, a kashe motar ba tare da jinkiri ba. Kada a taɓa murfin lagireto sai an jira aƙalla minti 30, kuma sai tiyon sama ya yi laushin da za a iya matsa shi da hannu. Ruwan da ke ciki yana iya kai digiri 120 ba tare da ya tafasa ba saboda murfin ya danne shi, da an sassauta murfin sai ya tafasa gaba ɗaya ya watso a fuska. Ana iya yayyafa ruwa a jikin lagireton daga waje, amma ba a kan injin ba, kuma idan lokacin ƙara ruwa ya yi a zuba shi sannu a hankali motar tana aiki, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga kan inji.

Yayin da ake wannan jira ne direba ya kamata ya amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda bakanike mai hankali zai fara yi masa kafin ya ɗauki sifana: «Maigida, a wane hali motar take lokacin da allurar ta tashi?» Amsar nan ita ke raba cututtukan gida-gida. Idan zafin yana tashi ne a cunkoso, ko ana tafiyar hawainiya a cikin yashi, sannan ya sauka da an hau kwalta an ba mota wuta, to iska ce ba ta wadatar, a nemi laifin a wajen fanka. Idan kuwa motar ba ta da matsala a silo, amma allurar tana hawa a hankali idan an miƙe hanya da kaya, misali tsakanin Mashi da Daura, kuma tana sauka da an ɗaga ƙafa daga totur, to lagireton ne ya kasa fitar da zafin ko ruwan ba ya gudana yadda ya kamata. Idan allurar ta yi tsalle cikin minti ɗaya ko biyu, ruwa ne ya tsiyaye, ko fanbel ya tsinke, ko tamostat, wato 'yar ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya ɗumama, ya maƙale a rufe. Akwai kuma wata alama mai yaudara, wato allura ta kai ja sannan ta faɗo da kanta ana cikin tafiya. Wannan ba sauƙi ba ne, sau da yawa ruwan ne ya ƙare har na'urar da ke auna zafin ta rasa abin da za ta auna.

Bayan injin ya huce, a fara da abubuwan da ba sa cin kuɗi. A duba ruwan a cikin lagireton kansa, kada a wadatu da robar ajiyar ruwa da ke gefe, domin tana iya zama cike alhali lagireton ya yi ƙasa. A bi tiyo-tiyo da wuraren da aka ɗaure su ana neman farin busasshen tabo ko na tsatsa, wanda shi ne sawun yoyo. A leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, inda akwai wata 'yar ƙaramar huda da ruwa ke ɗiga ta cikinta idan famfon ya fara mutuwa. Sannan a juya murfin lagireto a dube shi da kyau. Akwai lamba a samansa, galibi 0.9 ko 1.1, wadda ke nuna matsin da aka yi shi ya riƙe. Idan robar da ke ƙarƙashinsa ta tsattsage ko ta bushe ta yi tauri, ko sifirin ɗin ya saki har ana danna shi da yatsa ba ya turowa, murfin ba ya riƙe matsi, ruwan zai tafasa a kusa da digiri 100, ya tura kansa waje kaɗan-kaɗan har ya ragu. Murfi yana cikin mafi arhar kayan mota, amma an sha kwance inji saboda shi.

Kada a manta da abin da ake ja. A taɓa kusa da ƙafafun tirelar ko motar da aka jawo, idan wata ƙafa ta fi sauran zafi birkinta ne ya kama, kuma akori-kurar ta yi ta fama da nauyin da ba na kaya ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ma haka take yi. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka ƙayyade mata, kuma ga yawancin irin waɗannan motoci, har da Hilux, tirelar da ba ta da birkin kanta ba a so ta wuce kilo 750. Giyar da direba ya zaɓa ita ma tana da hannu, domin idan ya bar motar a giya ta biyar injin yana gurnani a ƙasa, famfo da fanka suna juyawa a hankali alhali wutar da ke ciki ta yi yawa. Sauka zuwa ta huɗu kaɗai yakan dawo da allura. Mota mai giyar otomatik kuwa man giyarta yana bi ta cikin lagireto ne ya huce, don haka giyar da ke shan wahala tana ƙara wa ruwan zafi, kuma ya kamata a hana ta shiga giyar ƙarshe muddin ana jan kaya.

Idan zargin ya faɗa kan fanka, gwajinta ba shi da wuya. Yawancin akori-kura suna da fankar da fanbel ke juyawa, mai wani kuloci a tsakiya wanda ke cike da mai mai kauri, shi ne ke sa ta kama sosai idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. A kashe injin yana da zafi, a cire makulli, a tura fiffiken fankar da hannu. Mai lafiya za ta yi tirjiya ta tsaya kusan nan take, wadda ta mutu kuwa za ta yi ta juyawa sakayau. A duba fuskar kulocin, idan ƙura ta manne a jikinsa ta yi baƙin danƙo mai maiƙo, man ya tsiyaye ke nan. Haka kuma robar nan da ke kewaye da fanka, wadda wasu kan cire su yar idan ta fashe, ita ce ke tilasta wa fankar ta zuƙo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe, kuma rashinta kaɗai ya isa ya sa mota zafi a tafiyar sannu. Idan fankar ta lantarki ce, a duba fiyus da wayoyinta, a kuma tabbata ba a juya mata waya tana tura iska gaba ba.

Lagireto yana toshewa ta waje da ta ciki. Ta waje, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka da fara da gutsattsarin leda suna taruwa, musamman a ratar da ke tsakaninsa da na na'urar sanyaya mota da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa. A haska tocila daga bayansa, idan hasken bai ratsa ba sai a wanke shi da ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, ba da matsi mai ƙarfi ba don kada siraran ƙarafan su lanƙwashe. Ta ciki kuwa, a ganina babban mai laifi shi ne ruwan rijiya da na burtsatse da ake zubawa kullum. Irin wannan ruwa yana barin farin ɓawo kamar wanda ake gani a gindin butar mai shayi, yana kuma kawo tsatsar da ke cinye fukafukan famfon ruwa har ya riƙa juyawa ba ya tura komai. Ana gane wannan toshewa ta hanyar kashe injin da ya ɗumama, a shafa fuskar lagireton da tafin hannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Inda aka ji sanyi alhali kewayensa da zafi, bututun wurin sun toshe, kuma sai an kai wa masu lagireto sun buɗe shi sun zuzzure, ko a sake sabo. Bayan nan a koma ga ruwan lagireto na gaskiya, mai launi, wanda ke hana tsatsa, a kuma guji zuba ƙwai ko gari don toshe yoyo, domin abin da ya toshe hudar zai toshe bututun ma. A sa wani ya ba motar wuta ana kallon tiyon ƙasa, idan ya shafe to ya tsufa, yana shaƙe ruwan daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Batun tamostat yana bukatar a tsaya a kansa, domin al'ada ce a garejinmu a cire shi a ce na ƙasashen sanyi ne. Gwada shi ya fi cire shi. A saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya zai fara buɗewa a kusa da lambar da aka buga a jikinsa, wadda a injinan Toyota da yawa 82 ce, kuma ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. Wanda ya ƙi buɗewa a canja shi. A injuna da dama tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba, saboda haka idan babu shi wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye a ciki, sai motar ta yi sanyi fiye da kima da safiyar hunturu, ta kuma yi zafi idan an ɗora mata nauyi.

Tayimin da ya kauce, wato saitin lokacin da mai ke kamawa da wuta a cikin inji, da salansar da ta toshe su ma suna kawo zafi, amma sukan zo tare da mutuwar ƙarfin mota, kuma aikin bakanike ne.

Gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan inji da gangar jikinsa don kada ruwa da mai da hayaƙi su gauraya, shi ne na ƙarshe da za a zarga, domin shi ya fi tsada, kuma sau da yawa zafin ne ke ƙona shi. Da safe, injin yana da sanyi, a cire murfin lagireto, a cika ruwa, a tayar da motar. Idan kumfa ta yi ta bulbulowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan ya riƙa tsalle yana fitowa, hayaƙin konewa ne ke shiga cikin ruwan. Sauran alamun su ne tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayarwa, farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan injin ya ɗumama, baƙin mai ya koma launin shayi mai madara, ko ruwa ya riƙa raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Wani gasket ɗin ba ya nuna komai a silo sai an ɗora nauyi, shi ya sa ake gwada motar da kayanta bayan kowane gyara. Idan har an kwance kan injin, a sa a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe don a tabbata bai banƙare ba kafin a sa sabon gasket, sannan a koma a gyara murfin ko fankar ko lagireton da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai ƙone a jan kaya na gaba.