Yadda Ake Gyara Tukunyar Gida Domin Kare Zuciya

Mafi yawan magidantan da likita ya shaida wa cewa jininsu ya hau ko sukarinsu ya yi yawa, a Garwa ne ko Marwa ko Kusseri a nan arewacin Kamaru, abin da suke fara yi shi ne su daina cin nama, su sa a riƙa yi musu miya daban marar gishiri, bayan ɗan lokaci kuma su gaji su koma gidan jiya. Niyyarsu mai kyau ce, tsarin da suka bi ne bai daidaita ba.

Da farko a yi awo kafin a taɓa tukunya. Hawan jini yana farawa daga 140/90, wanda a asibitocinmu ake faɗa 14/9, kuma sai an auna a ranaku daban-daban ake tabbatar da shi. Sukarin jini, idan an auna da safe kafin karin kumallo, in ya kai giram 1.26 a lita har sau biyu to ciwon sukari ne. Awo na uku ba ya cin ko sisi: a ari tef ɗin tela a zagaya ciki daidai cibiya. Namijin da ya kai santimita 94 da macen da ta kai 80 sun shiga sahun masu haɗari, domin kitsen tumbi yana hana insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, aiki yadda ya kamata, sukari da maiƙo su taru a jini, su riƙa lalata bangon jijiyoyi har hanyar ta ƙuntata. Ranar da ta toshe a zuciya sai bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon sukari haɗarinsa na ciwon zuciya ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi.

Mataki na biyu shi ne gishiri, kuma a nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Uwargida takan rage gishirin da take barbaɗawa, sai ta ga miya ta yi salam, ta ƙara dunƙule biyu ko uku, alhali kusan rabin nauyin dunƙulen nan gishiri ne. Ga kanwa da ake jefawa a miyar kuɓewa da wake da kunu, wadda ita ma sinadarin sodiyum ne a cikinta, shi ne kuma ainihin abin da ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Ga kilishi, ga yajin tsire, ga burodin safe. Mutum zai rantse ya bar gishiri, awo kuma ya ƙi sauka.

Abin da nake ba da shawara shi ne a zuba gishirin yini a ƙaramin murfi tun da safe, gwargwadon mutanen gidan, in ya ƙare ya ƙare. A rage dunƙule da rabi, a maye gurbinsa da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi marar gishiri, wanda ba ya wuya a kasuwanninmu saboda madatsun ruwan Lagdo da Maga da tafkin Chadi. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da kanwa mai yawa ba, ga kuma sauƙin itace ko gawayi. Ragin ya zama sannu a hankali, domin harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Kada a raba wa maigida tukunya, wannan a wurina doka ce. Wanda aka ware shi da miya lami yana jin ƙamshin ta sauran jama'a ba zai daɗe ba, kuma 'ya'yan da ke cin waccan miyar su ne masu hawan jinin gobe.

Na uku sukari. Iyakar da hukumar ta sa ita ce kimanin giram 50 a yini, cokalin shayi 12, ta kuma ce rabin haka ya fi. Wanda yake zama majalisar shayi ya sha na fari da na biyu da na uku, ya ƙara da kunun gyaɗa da kwalbar lemo, ya wuce wannan iyaka tun kafin la'asar. A rage cokali ɗaya kowane mako. Zoɓo, wanda ake kira folere a nan, abin sha ne mai kyau matuƙar ba a cika shi da sukari ba, zuma kuma a jini sukari ce.

Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da burodi, amma a rage malmala a yawaita miyar ganye, zogale ko yakuwa ko tafasa. Mai, na gyaɗa ne ko na auduga, a auna shi da cokali, kada a riƙa tuttulawa daga kwalba, kuma a daina maimaita suya da man da ya yi baƙi. Nama ba haramun ba ne ga mai hawan jini, kitsensa da man shanu ne za a taƙaita, a riƙa musanya shi da kifi da wake. A ƙara da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, da sassafe ko bayan la'asar saboda zafi, a kuma bar taba.

Bayan wata uku a sake awon nan uku a rubuta a takarda ɗaya da na farko. Wanda aka ɗora a kan magani ya ci gaba da sha ko da awo ya sauka, likita ne kaɗai zai rage masa, mai ciwon ƙoda kuma ya nemi shawararsa kafin ya sauya abinci.