Yadda Ake Zaɓa Tsakanin DSLR ta Masu Farawa da Ƙaramar Kyamarar Aljihu

Mai neman kyamararsa ta farko yakan tsaya ne tsakanin biyu. Ga babba mai jaka, wadda ake cire mata lensi a sa wani, ita ake kira DSLR. Ga kuma ƙarama mai shiga aljihu, lensinta manne da jikinta har ta mutu. Mai sayarwa zai fara maka da yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Kada ka biye masa, domin Nikon D3500 tana da 24, Sony RX100 tana da 20, wata ƙaramar kyamara mai araha ma za ka ga an rubuta mata 20, amma hotunansu ba su yi kama da juna ba. Ga yadda za ka bi lamarin har ka yanke shawara.

Mataki na farko: buɗe wayarka tukuna

Kafin ka duba kowace kyamara, shiga ma'ajiyar hotunan wayarka ka kalli waɗanda ka ɗauka a watannin baya. Ware waɗanda suka ɓata maka rai, ka tambayi kanka me ya ɓata su. Duhu ne ya sa suka yi yashi-yashi? Yaro ne ya motsa, fuskarsa ta fito dishi-dishi? Ko abin ne ya yi nisa, da ka zuƙo shi sai hoton ya farfashe? Kowace matsala da irin kyamarar da ke maganinta. Idan kuwa ka duba ba ka ga wani abin takaici ba, to wayarka ta ishe ka, ka adana kuɗinka.

Mataki na biyu: tambayi girman sensa

Sensa ita ce 'yar farantin da ke cikin kyamara, wadda haske ke sauka a kanta ya zama hoto. Iya faɗinta, iya hasken da take tarawa, kuma hasken nan shi ne hoton. A nan ne bambancin gaske yake.

DSLR ta masu farawa tana ɗauke da sensar da ake kira APS-C. Ta Nikon milimita 23.5 ce sau 15.6, ta Canon kuma 22.3 sau 14.9. Ƙananan kyamarori masu araha suna da wadda ake rubuta wa 1/2.3, girmanta milimita 6.17 sau 4.55 kacal. Idan ka buga lissafi, sensar DSLR ta ninka wannan sau goma sha biyu zuwa sha uku. Da rana tsaka, a waje, ba lallai ka ga bambanci ba. Bari magariba ta yi, ko a shiga ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya, ka ga yadda ƙaramar za ta cika hoto da yashi, launin fata ya dagule, gashi ya haɗe kamar an shafa shi da yatsa.

Sai dai "ƙaramar kyamara" ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan mutane da yawa ke rikicewa. A 2012 Sony ta fito da RX100 mai sensar da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 sau 8.8. Ta ninka 1/2.3 kusan sau huɗu, APS-C kuma ta ninka ta kusan sau uku ne kawai. Canon ta biyo da jerin G7 X. Akwai ma irin su Ricoh GR III da Fujifilm X100, ƙanana ne, lensinsu ba ya cirewa, amma sensarsu APS-C ce cif, daidai da ta DSLR. Waɗannan ba su da araha, sau da yawa sun fi DSLR ta masu farawa tsada.

Ra'ayina a kan mai 1/2.3 a fili yake. Idan ba don zuƙowa mai nisa za ka saye ta ba, ko don shiga ruwa, irin Olympus Tough TG-6 da ke jure zurfin mita 15, to ka bar ta. Wayar zamani mai kyau tana da sensa daidai da tata ko fiye, ga kuma dabarar haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya cikin ƙiftawar ido, abin da tsofaffin ƙananan kyamarori ba su iya ba. Babu amfanin ɗaukar na'ura ta biyu da ba ta fi ta aljihunka ba.

Mataki na uku: karanta rubutun da ke jikin lensi, ka yi wa kanka gaskiya

A bakin kowane lensi akwai lambobi iri biyu. Masu "mm" suna gaya maka faɗin abin da zai shiga hoto da nisan da lensin ke iya jawowa. Masu "f" suna gaya maka girman ƙofar da haske ke bi, kuma lissafinsu a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa.

Kusan kowace DSLR ta masu farawa tana zuwa da lensi 18-55mm f/3.5-5.6. Ba shi da laifi, amma ƙofarsa ƙarama ce. Yanzu dubi Canon G7 X Mark III, wadda lensinta f/1.8-2.8 ne. Ƙofar f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5, haka f/2.8 ta ninka f/5.6 sau huɗu. Ka tuna sensar DSLR ta ninka ta inci ɗaya sau uku ne. Ashe abin da DSLR ta ci a sensa ta mayar da shi a lensi. Wato mai DSLR da lensin da aka haɗo masa a kwali bai fi mai kyakkyawar ƙaramar kyamara samun hoto a duhu ba, shi dai ya fi shi ɗaukar kaya.

DSLR tana nuna ƙarfinta ne ranar da ka saya mata lensi na biyu. Mafi yawan masu ɗaukar hoto da 50mm f/1.8 suke farawa, masu Nikon kuma wasu da 35mm f/1.8, domin suna cikin mafi araha. Lensin f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Shi ne ke ba ka hoton nan da fuskar mutum ke fitowa tangaran, bayansa ya narke, kuma da shi za ka ɗauki hoto a ɗaki ba tare da filasha ba. Mai son tsuntsaye ko wasan ƙwallo zai ƙara 70-300mm. Mai ɗaukar kayan sayarwa ko ƙananan abubuwa zai nemi lensin kusa. Jikin kyamara ɗaya, aiki iri-iri.

To ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan rubutu: za ka sayi lensi na biyu? Za ka zauna ka koyi yadda ƙofar haske da saurin shota (labulen da ke buɗewa ya bar haske ya kai ga sensa) da ISO (ƙarfin jin hasken sensa) ke aiki tare? Idan amsarka e ce, DSLR za ta yi girma tare da kai. Idan ka san a ranka cewa kan "Auto" za ka bar ta har abada, ƙaramar mai inci ɗaya ta fi maka.

Wani abu a kan zuƙowa. Idan ka ga an rubuta 30x, ba wai ta fi mai 3x kyau sau goma ba ne, lambar tana nuna tazarar da ke tsakanin mafi faɗi da mafi nisa ne kawai. Nikon Coolpix P1000 ta 2018 tana da 125x, tana jawo ramukan da ke jikin farin wata, amma sensarta 1/2.3 ce, nauyinta kuma kusan kilo ɗaya da rabi, ta fi DSLR nauyi. Sannan ka tabbata zuƙowar ta gilashi ce ake nufi. Wadda ake kira ta dijital yanke hoto ce a faɗaɗa shi, abin da kai ma za ka iya yi daga baya.

Mataki na huɗu: sauri, batir da bidiyo

A cikin DSLR akwai madubi da ke tura haske zuwa tagar leƙe, saboda haka abin da idonka ke gani shi ne ainihin abin da ke gaban lensi, babu jinkiri, kuma hasken rana ba ya hana ka gani kamar yadda yake yi wa sikirin. Saitinta, wato yadda take daidaita lensi har abin ya fito tangaran, yana da sauri idan ta tagar kake leƙawa. D3500 tana ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa, Canon EOS 2000D uku. Ƙaramar kyamara mai araha takan yi ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka, kuma a wannan ɗan lokacin murmushin ya wuce. Masu tsadar cikinsu sun daɗe da magance wannan.

A batir DSLR ce a gaba, tunda tagar leƙenta ba ta cin wuta. Bisa ma'aunin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, D3500 tana yin hoto 1,550 a caji ɗaya, 2000D 500, RX100 ta farko 330, G7 X Mark III 235. Mai ƙarama ya sayi batir na biyu tun ranar farko.

A bidiyo kuwa labarin ya juya. Da ka kunna bidiyo madubin DSLR zai ɗage, tagar leƙe ta yi duhu, saitin da yawa daga cikin masu araha ya koma laluben fuska. D3500 da 2000D ba sa ɗaukar bidiyo mai kaifi sosai da ake kira 4K, kuma ba su da kafar sa makirufo. Idan bidiyo ne babban aikinka, musamman wanda kai ne a gaban kyamara, nemi mai sikirin da ke juyowa da kafar makirufo.

Mataki na biyar: ɗauke ta a hannu

D3500 da batirinta giram 415 ce, da lensi ta haura 600, kuma ba ta shiga aljihu, sai jaka. RX100 giram 240 ce. A takarda bambancin ba wani abu ba ne. A wuya, bayan yini guda, za ka san da shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi DSLR ya yarda da jaka ke nan. Kuma babbar kyamara tana sa mutane su gyara zama su daskare, ƙarama kuwa ba a damuwa da ita. A ɗaya ɓangaren, mai manyan yatsu zai sha wahala da maɓallan ƙaramar.

Mataki na shida: lissafa kuɗin duka, ka san inda kasuwa ta dosa

Kuɗin DSLR ba ya ƙarewa a kwali. Ƙara lensi na biyu, jaka, memori, wataƙila filasha. Wannan jimlar za ka kwatanta da kuɗin ƙaramar.

Sannan ka sani zamanin DSLR yana yamma. Canon EOS 300D ta 2003 ce ta buɗe wa talakan mai ɗaukar hoto ƙofar DSLR, amma a 2018 Canon ta fito da tsarin RF, Nikon ta fito da Z, duka na kyamarori marasa madubi, kuma can ne sababbin lensuna ke fitowa yanzu. Nikon ta daina ƙera D3500. Wannan bai rage wa hoton DSLR komai ba, sai ma ya zama riba ga mai farawa: masu komawa marar madubi suna sayar da kayansu, lensunan Canon EF da ake yi tun 1987 da na Nikon F da ake yi tun 1959 sun cika kasuwar kayan hannu. Idan ka koma marar madubi nan gaba, akwai adafta da za ta ba ka damar ci gaba da amfani da su. Amma wanda zai sayi sabuwa fil, ya kamata ya sa marar madubi ta masu farawa a cikin lissafinsa, domin sensarta ɗaya da ta DSLR, jikinta kuma ya fi ƙanƙanta.

Gargaɗi ɗaya ga mai Nikon: jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu. Tsohon lensi mai alamar AF ko AF-D zai shiga, amma da hannu za ka riƙa saita shi. Nemi mai AF-S.

Mataki na bakwai: gwada kafin ka biya

Je da memorinka. Ɗauki hoton fuska a wuri mafi duhu da ka samu, da kyamarorin biyu da kuma wayarka. Ɗauki wani yana tafiya. Sannan ka buɗe hotunan a kwamfuta, kada ka yarda da sikirin ɗin kyamara, domin komai kyau yake yi a kansa.

Idan DSLR ta hannu ce, tambayi adadin bugun shota, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka. Kyamarorin masu farawa galibi an yi su ne don bugu wajen 100,000, saboda haka wadda ta yi 15,000 tana da sauran rai sosai. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon kuwa sai an haɗa ta da manhaja. Sa ƙofar haske a f/22 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo. A DSLR wannan abin gogewa ne. A ƙaramar kyamara sai an kwance ta gaba ɗaya, don haka idan ka gani a can ka haƙura da ita. Cire lensin ka haska shi da tocila ta baya, idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo a cikin gilashin, funfuna ce, kada ka saya. A ƙaramar kuma ka kunna ka kashe sau da yawa kana kallon yadda lensin ke fitowa yana komawa. Idan yana ƙara, ko yana tsayawa a hanya, nan ne yawancinsu ke fara lalacewa, kuma gyaransa yakan kusa kuɗin sayen wata kyamarar.