Digiri na biyu a Adabin Turanci: daga sayen fom zuwa kare kundi

Sashen Turanci a manyan jami'o'inmu, ko na Ahmadu Bello a Zariya, ko na Bayero a Kano, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, fanni biyu yake tafiya da su: harshe da adabi. Tun wajen cike fom ake zaɓa. Idan adabi ka ɗauka, ka sani horon sharhi za a ba ka, wato yadda ake feɗe ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo na wasu. Digirin ƙirƙira zalla, inda labarin ɗalibi ko waƙoƙinsa su ne kundinsa, ya fi kafuwa a waje: Jami'ar Iowa a Amurka tun 1936, ta East Anglia a Ingila tun 1970.

Takardun da aka saba nema su ne digiri na farko a Turanci mai daraja ta biyu aƙalla, sakamakon sakandare mai kiredit biyar, takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da wasiƙun shaida daga malaman da suka koyar da kai. Wadda ke jawo jinkiri ita ce cikakkiyar takardar maki, domin jami'arka ta farko ce za ta aika da ita kai tsaye. Ka nema tun kafin a fara sayar da fom.

Zango biyu na farko na kwasa-kwasai ne, kuma makin ci galibi 50 ne. Kwas biyu ne za su bi ka har ranar kare kundi: ra'o'in adabi (ra'i shi ne tsarin tunanin da ake nazarin adabi da shi) da dabarun bincike. Duk takardar da aka ce ka gabatar a aji, yi ta a kan marubutan da kake tunanin yin kundi a kansu. Ta haka za ka gane tun da wuri ko batun zai ɗauki shafi ɗari ko a shafi goma zai ƙare.

Wajen zaɓen batu yawancin ɗalibai suke maƙalewa. “Matsayin mata a adabin Afirka” ba batun kundi ba ne, don ba tambaya a ciki, ba kuma iyaka. Batu mai tafiya yana da littafi biyu ko uku, da tambaya ɗaya, da ra'i ɗaya. Ga misali: ka ɗauki The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984, ka haɗa da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim na 2015, ka tambaya yadda kowanne ya zana macen da ba miji a kusa da ita, Li wadda miji ya yi watsi da ita da Binta wadda nata ya rasu, da abin da ya sauya a shekaru talatin da ke tsakanin littattafan. Wannan ana iya amsa shi da hujja daga shafukan littafi. A nan Bahaushe yake da riba a kan mai nazari daga nesa. Kunyar ɗan fari da ta hana Binta kiran sunan ɗanta, kai ba sai an yi maka bayaninta ba. Aikinka ka nuna yadda marubucin ya sarrafa ta cikin Turanci.

Kafin ka miƙa take, shiga ɗakin karatu na sashe ka duba kundayen da aka riga aka yi. Littafi irin Things Fall Apart na 1958 an tatse shi, sai mai sabuwar tambaya ta gaske zai samu wani abu. Wanda ke sha'awar littattafan Hausa kuma ya tuna sashen Turanci yake: sai ta hanyar fassara ko kwatanci, da amincewar sashe. Fassarar da Aliyu Kamal ya yi wa littafin Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta fito a 2012, tana cikin 'yan kaɗan da ke buɗe wannan ƙofa.

Sai ra'i. Abin da aka fi gani shi ne ɗalibi ya cika shafi goma sha biyar da tarihin ra'i a babi na biyu, daga nan ba za a sake jin ɗuriyarsa ba har kammalawa. Dalili shi ne ya ɗauki sunan mazhaba gaba ɗaya. “Ra'in bayan mulkin mallaka” ya haɗa Edward Said da Homi Bhabha da Gayatri Spivak, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Haka ra'in mata: abin da Molara Ogundipe-Leslie ta kawo daban yake da na Obioma Nnaemeka. Zaɓi masani ɗaya, ka ciro ginshiƙai biyu ko uku daga rubutunsa na asali, ka tabbata kowane babin nazari ya yi aiki da su. Taƙaitawar intanet ba ta isa ba, mai jarrabawa da tambaya ɗaya zai gano.

Bitar ayyukan da suka gabata ma kada ta zama jerin “wane ya ce, wance ta ce”. Ka kasa masana gwargwadon matsayarsu, ka nuna inda suka saɓa, ka rufe da giɓin da aikinka zai cike. Maƙalu ana samunsu a rumbunan intanet na JSTOR da AJOL da mujallu irin Research in African Literatures. Bita da ra'i, tare da gabatarwa, matsalar bincike, manufa, farfajiya (iyakar binciken) da hanyar bincike, su ne furofozal ɗin da za ka kare a gaban malaman sashe.

Babin nazari, galibi na uku da na huɗu cikin biyar, nan ne maki yake. Babban laifi a nan shi ne sake ba da labari, alhali masu jarrabawa sun karanta littafin. Kowane sakin layi ya fara da iƙirarinka, sai ɗan tsakure daga littafin, sai ka feɗe kalmomin: wa ke magana, wace kalma aka maimaita, me aka ƙi faɗa. Duk layi ɗaya da ka ɗauko, ka bi shi da layi biyu ko uku naka. Karanta littafin sau uku aƙalla, na ƙarshe kana kwafe wuraren hujja da lambar shafi. Kuma bugu ɗaya za ka riƙe, don lambobin shafi suna sauyawa daga bugu zuwa bugu.

A adabi tsarin MLA aka fi bi wajen madogara da manazarta, bugu na 9 ya fito a 2021, amma littafin ƙa'idojin makarantarka shi ne alƙali. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana manazarta tun daga ranar farko. Jami'o'i da dama suna tace kundi da Turnitin don kama satar fasaha. Manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa kuwa suna ƙirƙiro sunayen maƙalun da babu su. Duk abin da ba ka buɗe da idonka ba, kada ya shiga manazarta.

Malamin da ke duba aikinka, babi-babi za ka riƙa kai masa, kana haɗawa da tsohon kwafin da ya yi wa gyara. Ka riƙa sabunta rajista kowace shekara ko da ka gama kwasa-kwasai, ka kuma sa yajin aiki a lissafi: na 2022 wata takwas ya ci.

Kare kundi hawa biyu ne, na cikin gida sannan na gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Shirya bayanin minti goma: me ka tambaya, me ka samo, me ya bambanta shi da na baya. Ka tafi da littattafan da ka nazarta, ka sa wani ya rubuta maka gyare-gyaren da ake faɗa. Akwai wa'adin yin gyaran, kuma sai an sa hannu an tabbatar ka yi shi kafin a ɗaure kundin a miƙa wa makarantar karatun gaba da digiri.