Yadda za ka bi diddigin tarihin rundunar Biyafara daga nan Kano

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a cikin birni, kuma kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya ce yana son yin rubutu a kan sojojin Ojukwu, jagoran Biyafara a yaƙin basasar Najeriya. Yawanci da labarin jarumta suke farawa, su ƙare a ruɗe. Ga hanyar da nake ɗora su a kai.

Fara daga gida. Ojukwu a Zungeru aka haife shi, kuma shi ne kwamandan bataliya ta 5 a nan Kano lokacin juyin mulkin Janairun 1966, kafin Ironsi ya naɗa shi gwamnan Yankin Gabas. Manyan hafsoshin da suka kafa rundunar, irin su Hilary Njoku da Alexander Madiebo da Philip Effiong, duk sojojin Najeriya ne, tare suka yi horo da waɗanda suka zo suna harbi daga baya. Ka karanta kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari, ka kuma karanta kisan da aka yi wa 'yan kabilar Ibo a filin jirgin sama da Sabon Gari a Oktoban shekarar. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin biyun ba zai gane dalilin da samari suka yi ta shiga soja a kowane ɓangare ba.

Sai ka nemi taswira da fensir. Nan ne aikin yake. An ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. Zana iyakar ranar, sannan ka riƙa gogewa kana matsowa ciki. Sau ɗaya kacal za ka ja layin waje sosai: a Agustan 1967, lokacin da Victor Banjo, yana jagorantar sojojin Biyafara, ya tsallaka kogin Kwara ya kama Benin har ya kai Ore. Murtala, ɗan Kano, shi ya koro su da runduna ta 2, Banjo kuma Ojukwu ya sa aka harbe shi a Inugu cikin Satumba. Inugun ta faɗi hannun rundunar Muhammadu Shuwa ranar 4 ga Oktoba, Anacha a Maris 1968, Fatakwal a Mayu hannun Benjamin Adekunle, kwamandan runduna ta 3 ta tarayya, Umuahia a Afrilun 1969.

A gefen kowane gari ka rubuta abin da suka rasa da faɗuwarsa. A ganina wannan ne ainihin tarihin rundunar, ya fi sunayen kwamandoji muhimmanci. Da Fatakwal ta tafi, tashar ruwa da matatar mai da babban filin jirgi sun tafi. Sai suka mai da wani titin mota a Uli filin saukar jirgi cikin dare, ta nan makamai da kayan agaji suke shigowa. Injiniyoyinsu suka koma tace mai a daji, suka ƙera nakiyar da suke kira ogbunigwe. A Abagana, ranar 31 ga Maris 1968, kwanton ɓauna ya ƙone dogon ayarin motocin runduna ta 2, har da tankokin mai. Sun ma sake ƙwace Owerri daga hannun sojojin tarayya a Afrilun 1969. Amma duba taswirarka da kyau: gonaki sun fita hannunsu, yunwa ta kama farar hula da soja, ana kamun yara maza a kan hanya ana sa musu kaki.

Sojojin haya irin su Rolf Steiner, Bajamushe, da ƙananan jiragen von Rosen ɗan Suwidin, sakin layi ɗaya ya ishe su. Jaridun Turai ne suka kumbura su.

Yanzu ka fita neman mutane, kuma ka hanzarta, don wanda ya shiga yaƙin yana saurayi yau tsoho ne tukuf. 'Yan mazan jiya suna nan a unguwanni, a Sabon Gari kuma akwai dattawan Ibo da suka yi yaƙin ta ɗaya ɓangaren. Ka sami wanda zai gabatar da kai, ka riƙe goro ko ɗan abin sabulu, ka gaisa a nutse. Kada ka ce "Baba, mutum nawa kuka kashe?" Ka ce "Baba, a wace runduna kuka yi, wa ke jagorantarku, me kuke ci?" Tambayar abinci da takalmi da harsashi ita ke buɗe baki. Sai ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, in ya yi shiru a kan wani abu, misali kisan farar hula da aka yi a Asaba, ka ƙyale shi.

Duk abin da aka faɗa maka, ka auna shi da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian a Kaduna, da abin da hafsoshin Biyafara suka rubuta bayan yaƙi. Kowane ɓangare yana ƙara gishiri, musamman a lissafin gawawwaki, saboda haka kada ka rubuta adadi sai ka faɗi wanda ya bayar da shi.

Ka rufe taswirarka a Janairun 1970: Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, Effiong ya sanar da ajiye makamai ranar 12, aka kammala miƙa wuya gaban Gowon a barikin Dodan ranar 15. In kana da kuɗin mota, gidan tarihin yaƙi na Umuahia yana ajiye da motocin sulken da suka ƙera da hannunsu, ka je da littafinka ka zana su.