Idan kalmomi sun fara guje wa dattijo: yadda ake haɗa lantarki da atisayen magana

Akwai wata cuta da ake ce ma PPA, mutum yana nan garau, yana gane hanya yana gane 'ya'yansa, amma kalmomi sai sulalewa suke daga bakinsa kaɗan kaɗan. Zai kalli cokali ya ce "miƙo min abin nan... abin nan dai na cin abinci". Wani likita a Amurka mai suna Marsel Mesulam ne ya fara bayyana ta a 1982, kuma yawanci masu shekara 50 zuwa 60 da ɗoriya take kamawa. A gida sai ka ji ana cewa tsufa ne ko sammu aka yi masa, alhali ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne, inda harshe yake, ke ta motsewa.

Da farko ku rarrabe. In magana ta ɗauke farat ɗaya, baki ya karkace, to wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a ruga asibiti yanzun nan. Ita PPA wata da watanni take yi tana lallaɓowa. Ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, zai sa a yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, kuma ku tambaye shi wacce iri ce don kala uku ce, akwai wadda magana ke fita da ƙyar a kakkarye, akwai wadda ma'anar kalma ce ke ɓacewa har ka ce "akuya" ya tambaye ka mene ne akuya, sai ta ukun da mutum ke ta laluben kalma yana tsayawa a tsakiyar zance.

Maganin warkewa dai babu, gara ku sani tun yanzu. Abin da ake yi shi ne a riƙe abin da ya rage, kuma anan ne ƙwararren gyaran magana yake shigowa. Akwai kuma wata dabara ta sa wa ƙwaƙwalwa ɗan lantarki, wadda ake kira tDCS, ɗan taimako ce a kan aikinsa. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaure a kai, ɗaya a gefen hagu, a saki wuta 'yar mitsitsiya, miliamfiya 1 zuwa 2, na minti 20, kuma a daidai lokacin mara lafiyan yana kallon hotuna yana faɗin sunayensu ko yana rubutawa. A jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, ƙungiyar wata mai bincike, Kyrana Tsapkini, ta riƙa yin zama 15 cikin sati 3, suka ga waɗanda aka haɗa musu da wutar gaske sun fi waɗanda aka yi wa ta bogi riƙe abin da suka koya, har bayan wata 2. Abin da ake ji ɗan ƙaiƙayi ne ko tsikari, fatar wurin ta yi ja. Amma fa har yanzu gwaji ne, ba kowa yake ma aiki ba, kuma wutar ita kaɗai ba tare da atisaye ba ni dai ban ga amfanin kashe mata kuɗi ba.

Don Allah kar wani ya sayo na'ura a intanet ko ya haɗa batir a gida ya ɗaura ma baba. Mai farfaɗiya, ko mai ƙarfe a kai, ko mai na'urar bugun zuciya, dole likita ya sani kafin komai.

Abin da ke hannunku shi ne atisayen, kuma kyauta ne. Ku ɗauki hotunan kayan gidan da wayarku, butarsa, carbinsa, jikokinsa, ba hotunan littafi ba, ku zauna kullum na ɗan lokaci da safe kafin ya gaji. In kalma ta maƙale kar ku yi saurin faɗa masa, ku tambaye shi me ake yi da abin, in bai samu ba ku ba shi sautin farko, "bu...", sannan ya maimaita ya rubuta, da boko ko ajami duk wanda ya saba. Ku sa ya haddace 'yan jimlolin da yake buƙata kullum, gaisuwa, sunan unguwarsu, "ina jin ciwo a nan". A kashe talabijin, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, kuma kar a riƙa yi masa tsawa, ba kurma ba ne. Ku naɗi muryarsa a waya tun yanzu yana faɗin waɗannan jimlolin, sannan ku haɗa ɗan littafin hotuna da zai riƙa nunawa da yatsa in maganar ta ƙara ja baya.