Yadda ake karanta ruwan Bahar Azrak kafin a jefa raga

Ni ɗan Maiurno ne, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nil. Ina yaro, Baffa da wata yake lissafin su: ruwa ya taso a Yuni, ya cika maƙil ƙarshen Agusta, ya fara ja baya a Satumba. Yanzu wanda ya riƙe wannan lissafin kaɗai zai koma gida da kwando wayam.

Fara da sanin cewa ruwan da ke cika kogin nan daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Hadarin da ya haɗo a kanka na gero ne da dawa, bai gaya maka komai game da kogi ba. Ga kuma madatsai: ta Sinnar a ƙasanmu tun 1925, ta Rusairis a samanmu tun 1966, sai babbar ta Habasha da aka fara tara wa ruwa a 2020. Sai ruwa ya hau ko ya sauka cikin dare, sama kuwa garau.

Don haka kafa sanda. Nemi busasshen icen bagaruwa, ka yi masa tsaga bayan kowane yatsu huɗu, ka soke shi inda kake ɗaure jirgi. Duba bayan sallar asuba, ka sake dubawa kafin magariba. Kwana uku a jere yana hawa, cika ce ta gaske, kifi zai bi ta zuwa cikin kurmin bagaruwa don ya yi ƙwai. In ya hau yau ya sauka gobe, ƙofar madatsa aka taɓa, kada ka wahalar da kanka da sauya wuri.

Sai launi. Ɗebo ruwan a ƙwarya ka bar shi ya kwanta. In laka ta rufe gindin ƙwaryar, lokacin tarwaɗa ne da ƙurungu da ragon ruwa, masu laluben abinci da gashin baki. Ɗana mamari, wato doguwar igiya mai jeren ƙugiyoyi, a gefen ciyawa, ka naɗe kalli, ragar da ake shimfiɗawa a bari cikin ruwa, ka ajiye. Jan ruwa da kututture yake zuwa. A ambaliyar 2020 na yi taurin kai na bar kalli ya kwana. Da safe igiya kawai na tarar da 'yan gorunan da ke jikinta. Baffa bai ce uffan ba, ya dai miƙo mini allurar saƙa.

In kuwa kana hango yatsunka a cikin ruwa, karfasa ma tana hango zarenka. Shekarun nan ruwan ya fi na da haske, domin laka tana kwanciya a bayan madatsai. Bari sai dare, daren da babu farin wata.

Da sanyi, in iskar arewa ta taso, karfasa zurfi take sauka. Sha shayinka, ka jira hantsi ya ɗumama bakin gaɓa sannan ka jefa birgi, wato ragar jifa. Da bazara kuwa kada kifi ya daɗe a raga, ruwa mai ɗumi nan da nan yake lalata shi. Ni da gishiri nake fita: kawara da tsage da ba za su kai kasuwar Sinnar da kyau ba, a jirgi nake fara barbaɗa musu, mai ɗaki ta ƙarasa su fasik, wato kifin da ake tsumawa a gishiri.